Takardar Abincin Auta

Yaran makarantar suna kiranta Anti Mai Sikeli, domin duk Litinin sai ta zo ta auna nauyinsu, ta karɓi takardun da iyaye suka rubuta abin da kowane yaro ya ci a mako. Wata takwas tana wannan bincike a ƙarƙashin wani Farfesa, saura kwana biyu a miƙa rahoto.

Yarinya guda ce ta hana ta sakat: Auta, 'yar shekara bakwai. Takardarta ta fi ta kowa kyau, ƙwai da madara da safe, kifi da ganye da rana. Amma kullum ramewa take yi. Da Farfesa ya gani sai ya cire tabarau.

"Tana cin wannan tana ƙarewa? Ciwo ne. Gobe a kai ta babban asibiti, a ɗebi jini, a duba hanji."

Hankalin Anti bai kwanta ba. Da la'asar ta nemi gidan. Ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki a bakin taga, kakar yarinyar tana kai. Auta na zaune a ƙasa tana tsintar ƙyallaye.

"Kaka, jiya me Auta ta ci?"

"Ba na aiko miki a rubuce ba, 'yar nan?"

"Na gani. Daga bakinki nake so in ji."

Keken ya tsaya. "Kifi," in ji Kaka.

Auta ta ɗago kai. "Kaka, yaushe?"

Tsohuwar ta watsa mata harara, yarinyar ta sunkuya. Anti ta juya ga tsohuwar.

"Kaka, saboda takardar nan gobe za a kwantar da ita a asibiti. Ana zaton mugun ciwo ne ke cin ta."

Kaka ta dafe ƙirji. Ta dubi jikarta, ta yi magana murya ƙasa-ƙasa.

"Hoton nan da kuka manna a ƙofar makaranta, na abincin da ya dace da yara, shi muke kwafa. Maƙwabciyarmu, matar mai gyaran rediyo, ce ke rubutawa, mu sauran mu bi sahu. Aka ce wadda takardarta ta yi muni, sunanta zai je hukuma. Dangin ubanta kuwa dama ƙiris suke jira su ɗauke min ita."

"To me take ci?"

"Shayi da gutsuren burodi. Ba don babu ba, ga tukunya can ki buɗe. Tun da uwarta ta tafi aiki nesa, cokali uku take yi ta ture. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ana cusa wa mutum abinci ne kamar buhu?"

Anti ta rantse mata ba wanda zai ga sunanta. Washegari da sassafe ta baje takardun a teburin ofis. Cikin casa'in, talatin da huɗu iri ɗaya ne, har kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Haka Farfesa ya shigo ya tarar da ita.

Ta kwashe labarin ta gaya masa. Ya saurara har ta gama, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kin san me kike faɗa? Aikin wata takwas! Cire talatin da huɗun, mu miƙa sauran."

"Ranka ya daɗe, waɗannan su muka kama. Sauran fa, wa ya gaya mana gaskiya suka rubuta?"

"Ke za ki koya min aikina?"

"Ni dai ba zan sa hannu ba."

Farfesa ya ɗauki takarda biyu ya jera su, ya karanta wannan, ya karanta waccan. Ya ja dogon tsaki, ya ɗauki waya ya fita baranda. Ta ji shi yana ba masu jiran rahoton haƙuri, yana neman ƙarin wata shida.

Da ya dawo bai dube ta ba.

"A soke zuwa asibitin. Ki nemo lambar uwar yarinyar, yau ta yi magana da 'yarta. Daga Litinin kuma gida-gida za ku riƙa zuwa lokacin cin abinci, ku gani da idonku. Tunda ke kika tono, ke za ki fara."