Kumfa a Rafin Bayan Unguwa

Malama, mai koyar da kimiyya a makarantar sakandaren unguwa, ta daɗe tana bin mutane gida-gida a kan maganar rafin da ke bayansu. Tana yarinya a can suke kamun ƙananan kifaye da kwando. Yanzu leda ta cinye bakin ruwan, kwaɗi ma sun daina kuka. Da ƙyar da jiɓin goshi ta haɗa 'yan sa kai, ita da wani tela mai son magana da wasu mata maƙwabta, suka sa ranar Asabar za a yi taro a zauren makaranta. Za a nuna yadda ake haɗa taki da ɓawon kayan miya, a raba dashen itatuwa, ita kuma ta yi bayani a kan rafin.

Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne yayanta. Yana da wurin wankin mota a gaɓar rafin, kuma duk ruwan sabulu da baƙin mai can suke gangarawa. Ta yi masa magana a keɓe ba sau ɗaya ba a kan ya haƙa wa ruwan rami, sai ya yi dariya ya ce ai taimakonta yake yi, rafin ma wanka yake samu kyauta. Don haka ta yi dabara ta gayyace shi taron, da nufin ya ji a bakin jama'a yadda ake haƙa ramin tace ruwa, a cika shi da tsakuwa da yashi, ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. Ya karɓi gayyatar da fara'a. Da yake yana bayar da hayar kujeru da lasifika, ya ce a ɗauka kyauta, ba za a ce ƙanwarsa ta tara mutane a tsaye ba.

Ranar taron zauren ya cika fiye da zatonta. Yaya ya zauna a layin gaba cikin fararen kaya yana amsa gaisuwa. Tela ya karɓi makirfo, ya shiga godiya. Ya gode wa shugaban makaranta, ya gode wa mai gadi, ya gode wa Yaya har sau ba adadi, ya kuma ba da labarin wata bishiya da kakansa ya dasa. Malama tana gefen tebur tana yi masa alama da ido, shi kuwa ya ɗauka yabawa take yi. Dashen da aka jera a bakin ƙofa rana ta fara dukansu.

Da aka zo kanta, ta ɗaga kwalaben ruwan da ta ɗebo daga rafin, na saman rafin garai-garai, na ƙasansa fari-fari da kumfa, mai na yawo a kansa. Ba ta faɗi daga ina ta ɗebo ba. Ta fara bayanin yadda mai ke toshe wa ruwa iska ke nan, sai wani dattijo mai lambu a ƙasan rafin ya miƙe daga baya. Ya taho a hankali, riƙe da tushen tumatir da ya yi rawaya ya lanƙwashe, ya ajiye shi kusa da kwalbar.

"Malama, ki gafarce ni," in ji shi. "Kowa a nan ya san mai wannan kumfa. Ga shi nan zaune a gaba, muna ta yi masa godiya."

Nan take zauren ya kaure. Wata mata ta ce ai ba shi kaɗai ba ne, maƙwabciyarta ma cikin lambatu take juye shara. Maƙwabciyar tana wurin, ta miƙe ta mayar. Wani ya tono maganar katangar da aka ci masa tun bara. Malama ta yi ta roƙo a zauna, tana cewa ba shari'a aka zo yi ba, sai ta ji muryarta ta koma ƙarama. Yaya ne ya je da kansa ya zare wayar lasifika.

Bai ɗaga murya ba. Ya kira ma'aikatansa da ke jira a mota, ya ce su kwashe kujeru. Suka tsaya suna kallon juna, ya maimaita. Haka suka bi layi-layi suna ba mutane haƙuri suna ɗaga su, har da tsofaffin da sai an kama hannunsu suke miƙewa. Malama ta tare shi a bakin ƙofa, ta ce don girman Allah ya bari a gama.

"Auta, ashe kiran da kika yi mini ke nan," ya ce. "Ki tara unguwa a kan kujeruna a ci mini mutunci."

Ta rantse ba ta san dattijon zai tashi ba. Ya tambaye ta ruwan kwalbar daga ina ta ɗebo shi. Bai jira amsarta ba, ya wuce.

Rabin jama'a suka bi kujerun. A hanyar fita aka yi wa dashen wawa, wani ya ɗauki guda da yawa, wani aka karya masa nasa. Waɗanda suka rage suka zauna a kan tagogi da dandamali. Ta yi musu bayanin takin da dasasshiyar murya, ta san ba ji suke yi ba, labarin da za su kai gida suke shiryawa. Mai lambu bai tafi ba. Ya taya ta share zauren, ya ce bai so ya ɓata mata taro ba, amma ya gaji da shuka abin da ba zai girba ba. Haushinsa take ji har wuya, kuma ta rasa abin da za ta ce ya yi ba daidai ba.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Mahaifiyarsu ta sa ta a gaba, ta ce rafi ba ɗan'uwanta ba ne, ba shi zai ɗauki gawarta ba, ta je ta ba yayanta haƙuri. Ta je. Ya amsa gaisuwar yana kallon wata mota da ake gogewa, daga nan bai ƙara ba. Aka yi makonni a haka, in sun haɗu a gidan mahaifiyarsu sai ya tuna yana da wani uzuri.

Wata rana tana dawowa daga makaranta ta hangi sabon rami a bayan wurin wankin. Zuciyarta ta yi sanyi, ta ƙarasa da sauri. Ramin yana dab da bakin ruwa, babu tsakuwa babu yashi, ya cika ya tumbatsa, kumfar na malala cikin rafin kamar da. Ta ce wa Yaya ba a nan ake haƙawa ba, sai an ja baya sosai. Ya ce ita ta ce a yi rami, an yi rami, me kuma take so.

Ta koma wa 'yan sa kai a zo a haƙa wani. Kowa ya ce zai zo. Ranar aikin Tela ya aiko cewa ɗinki ya yi masa yawa, matan kuma kowacce da dalilinta. Daga ita sai mai lambu, da shebur da diga na aro. Suka fara, Yaya na zaune a inuwa yana danna waya. Ƙasar da tauri, tafin hannunta ya yi kanta nan da nan. Sai da masu kawo mota suka fara tambayar wace ce wannan matar da ke haƙa, sannan ya taso ya fizge shebur ɗin, ya ce ta matsa kada ta ƙara ja masa magana. Shi da dattijon suka haƙa har yamma, babu wanda ya ce wa ɗan'uwansa sannu.

Ramin ya yi aiki. Kumfar ta ragu, mai lambu ya sake shuka. Ba a rufa wata biyu ba wani ya buɗe sabon wurin wankin mota can sama da gada, ya saki nasa ruwan kai-tsaye cikin rafin. Yaya ne ya fara kiranta a waya, ransa a ɓace, yana cewa wannan rashin imani ne, mutum ya lalata ruwan jama'a ana kallo. Ya tambaye ta yaushe za a sake taro, don yana da magana.

Malama tana tsaye a ƙofar aji da alli a hannu. Ya tambaya ko tana jin sa. Ta ce tana ji, amma ɗalibai na jiranta, ta kashe wayar ta shiga.