Maƙogwaron Zulkifilu

Zulkifilu mahauci ne a mayankar Oko-Oba, mai jiki, mai gajeren wuya. Duk layinsu a Agege an san minsharinsa, har an daina maganarsa. Shirun ne ya tsorata matarsa Asama'u. Yana cikin minshari sai numfashin ya ɗauke ɗif, ta yi ta salati, can ya fizgo shi da gurnani. Da rana kuwa ko a tsaye gyangyaɗi yake. Ranar da ya hau danfo zuwa Ogba ya farka a gareji ana wanke motar, ta ce sai asibiti.

Da aka gama gwaji, Dakta Kachollom, 'yar Jos, ta zaunar da su.

"Baba, naman maƙogwaronka ne yake toshe hanyar iska in ka yi barci. Ko dai na'ura mai hura iska, ka riƙa ɗaura takunkuminta a hanci, ko tiyata a rage naman."

"A maƙogwaro za a yanka?"

"Ta cikin baki za a bi."

"Likita, tun ina saurayi nake sa wuƙa a maƙogwaro. Ban taɓa ganin wanda ya tashi ba."

"Wannan daban ne, Baba."

"Haka nake ce wa shanun."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tiyatar ba kowa take yi wa amfani ba, wani minsharin yakan dawo. Na'urar kuwa tana aiki, amma kullum ce, kuma sai da wuta.

Asama'u tiyata ta so. "Malam, a yi sau ɗaya a huta. Wutar unguwar nan yaushe rabonka da ita?"

Ya shafa wuyansa, ya ce na'ura.

Maƙwabcinsu Hamani, mutumin Nijar mai haɗa sola, ya jona masa batir. Da farko bai ji daɗinta ba. Takunkumin ya yi masa shati a kumatu, bakinsa ya riƙa bushewa, abokan aiki suka tambaye shi ko sa ne ya taka shi. Yakan cire, Asama'u ta mayar. A hankali ya saba.

Wata Juma'a ya saurari huɗuba tun daga farko har ƙarshe, idonsa biyu. A hanyar gida ya dubi Hamani.

"Wai dama haka liman yake da dogon bayani?"

Hamani ya ce, "Yau ma ya taƙaita."