Ranar Da Motar Baballe Ta Fita

Sharaɗi guda mai sayen ya gindaya: motar ta zo da ƙafarta. Sunansa Abu Nayef, ɗan Qatar ne mai tara tsofaffin motoci, kuma ya gaya wa Baballe a waya cewa duk motar da aka kawo masa a bayan janwe, shi a wurinsa ba ta da lafiya. Su haɗu Juma'a da safe a filin ajiye motoci na Corniche, a bakin tekun Doha, inda masu irin wannan sha'awa suke taruwa idan zafi ya sauka. Baballe ya ce babu damuwa. Ya kashe wayar, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa ɗaya.

Bai iya tuƙa ta ba.

Baballe injiniya ne a wani kamfanin iskar gas, mutumin Gusau, kuma shekara shida ke nan da ya sayi motar a hannun wani Bature da zai koma gida. Ƙirar Jamus ce ta shekarun 1980, ƙofa biyu, inji a baya, koriya mai duhu, mai giyar hannu. Kafin ya saya sai da ya karance duk abin da ke ɗaga darajar irinta. Fentin ya zama na asali. Injin ya zama wanda ta fito da shi daga masana'anta. Giyar hannu ta fi otomatik farin jini nesa ba kusa ba. Sannan kada mitarta ta nuna doguwar tafiya. Wannan na ƙarshe shi Baballe ya riƙe da hannu biyu.

Saboda haka motar ta tare a garejin gidansu na Al Aziziya, cikin na'urar sanyaya ɗaki, a lulluɓe, ita kuwa motar da suke hawa kullum tana waje tana shan rana. Duk wata Rufus yakan zo daga unguwar Bin Omran. Ɗan Kafanchan ne mai gyaran na'urori a asibitin da matar Baballe take aiki. Ya tayar da injin, ya bar shi ya yi ɗumi, ya kashe. Idan lokacin duba lafiyar mota na shekara ya yi, janwe ke kai ta ya dawo da ita. Lasin Baballe na otomatik ne kawai, amma babu wanda ya taɓa tambaya, tunda kowa ya san aƙida ce ta hana shi hawa.

'Yan Najeriya mazauna Doha sun mayar da abin gaisuwa. A wurin suna ko buɗa-baki sai wani ya riƙe masa hannu ya tausasa murya: “Injiniya, ya mai jiki?” Shi kuma amsarsa ɗaya ce, cewa ranar da ya sayar da ita duk za su yi shiru. Ranar ce ta zo.

Ya kira Rufus.

“Juma'a da safe, Oga? Ina coci. Ni ke jan waƙa.”

“Ba wanda zai ja maka sau ɗaya?”

“Wanda ya ja mini wancan karon har yanzu ana maganarsa. Kuma ni a tsaye na san motar nan. Ban taɓa ganin tayarta ta juya ba sai a kan janwe.”

Matarsa Atine tana bakin ƙofa tana cire takalmin aiki. Likita ce, ita ke sa majinyata barci kafin a yi musu tiyata. Ta ji komai.

“Baban Asabe, ni ma aikina ke nan, sa mutane barci,” ta ce. “Amma ni ina tashinsu. Kawo makullin.”

“Dakta, ba wasa nake ba. Giyar hannu ce.”

“Da a-kori-kurar Babana na koyi mota, daga Giwa zuwa Samaru, da buhunan masara a baya. Da na zo nan ma gwajin giyar hannu na yi, don malamin ya ce mata ba sa so.”

“Ba ki taɓa gaya mini ba.”

“Ka taɓa barin mutum ya matsa kusa da ita, balle ya yi magana?”

Juma'a da safe titunan Doha babu kowa. Baballe ya yaye lulluɓin da kansa, ya ninke. Ya kawo tawul zai shimfiɗa a kujerar direba, Atine ta ɗauke ta miƙa masa. Ta ɗaure mayafinta tam a bayan wuya, ta cire takalmi mai tsini ta sa na ɗakin tiyata, ta ja kujerar gaba. Kujerun a ƙasa suke ƙwarai. Da Baballe ya zauna sai ya ga gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirjinsa. A nan ya lura bai taɓa zama a wannan ɓangaren ba.

“A hankali,” ya ce. “Kuloci nata da nauyi, haka na karanta.”

“Ka karanta.”

Ta yi bismilla, ta murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu a bayan kunnuwansu, ya kama. Wannan ƙarar Baballe ya san ta. Abin da bai sani ba shi ne abin da ya biyo baya: bangon garejin ya fara tafiya. Motar ta silala da baya ta fito tsakar gida, rana ta faɗa kan koren fentin, sai ga shi ashe akwai wani ɗan ruwan zinariya a ciki wanda fitilar gareji ba ta taɓa nunawa ba.

Idonsa ya tafi kan mita. Lambar ƙarshe ta fara mirginawa tun kafin su fita layinsu. 

“Ki bi ta gajeriyar hanya.”

“Na ji.”

Ba ta bi ba. Ta hau titin Al Waab, ta sa giya ta biyu, ta uku, hannunta yana zuwa yana dawowa ba tare da ta duba ba. Ba ta wuce ƙa'idar gudu ba ko sau ɗaya, don kyamarorin Doha ba sa hutun Juma'a. Abin da take yi shi ne jinkirta canjin giya, ta bar injin ya hau har sai ya cika motar da ruri, sannan ta sake shi. Sitiyarin yana rawa a hannunta. Motar tana warin fata da fetur da wani abu kamar tsohon akwati.

A danja wata babbar farar jif ta tsaya gefensu. Gilashi ya sauka, wani dattijo mai farin rawani ya leƙo ƙasa ya dube su, ya ɗaga babban yatsa.

“Wa yake yi wa?” Baballe ya tambaya.

“Ni da motar. Kai fasinja ne.”

Danja ta ba da hannu. Ta saki kuloci, bayansa ya manne da kujera, hularsa ta zame ta faɗa baya. Wani sauti ya fito daga bakinsa wanda bai shirya ba. Dariya ce. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi.

Da suka shiga hanyar ƙarƙashin gada Atine ta sauke gilashinta, ta koma giya ta biyu, ta taka totur. Ƙarar ta bugi bango ta dawo musu ninki biyu. Baballe ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan yana bugun cinyarsa.

“Maman Asabe, ki ji tsoron Allah.”

“In daina?”

Suka fito cikin haske.

“Akwai wata gadar a gaba,” ya ce.

Ba su isa Corniche ba sai da suka bi ta ƙarƙashin duk gadar da ke kan hanya, da wata ma da ba a kan hanya take ba. Teku ya bayyana shuɗi a hannun dama, jiragen ruwa na katako suna lilo a bakin gaɓa, masu motsa jiki suna waiwayowa. Sai da Atine ta juya cikin filin Baballe ya tuna da mita. Bai duba ba.

Tsofaffin motoci sun yi layi, kowace da bonet a buɗe, masu su suna zagayawa da ƙananan kofunan shayi. Abu Nayef gajeren mutum ne mai furfura a gemu, da ƙaramar tocila a aljihun farar rigarsa. Ya gaisa da Baballe da Turanci, ya dafa ƙirji ya gaida Atine.

“Tun daga shataletale na ji ku,” ya ce. “Wanda ya canja giyar nan ya san abin da yake yi.”

“Mun gode,” in ji Baballe.

Atine ta dube shi.

Abu Nayef bai yi gaggawa ba. Ya bi jikin motar da wata 'yar na'ura mai auna kaurin fenti, yana ɗorawa yana dubawa, yana gyaɗa kai. Na asali ne, ko'ina. Ya haska lambar injin, ta dace. Ya shafa kujerun, ya shinshina cikin motar, ya ce kalar ma ba a yi ta da yawa ba. Baballe yana tsaye hannu a baya kamar uban ɗalibi ranar ba da kyauta.

Sannan mutumin ya tattare rigarsa ya durƙusa. Ya daɗe a ƙasa. Da ya miƙe akwai baƙin mai a yatsansa, kuma a kan kwalta, daidai ƙarƙashin injin, wani ɗan tabo yana faɗaɗa.

“Injiniya, yaushe rabonta da tafiya mai nisa?”

“Ba ta tafiya. Shi ya sa mitar take haka.”

“Mitar tana da kyau. Amma robobin da ke riƙe mai duk sun bushe, zama ne ya busar da su. Tayoyin nan sun girmi wasu direbobi. Bututun birki ma sai an canja. Mu nan mun fi son wadda ake fita da ita duk mako a kan wadda aka ajiye kamar turare. Da kana zagayawa da ita ko nan da filin wasanni na Aspire ne, da na biya abin da ka nema ban yi magana ba.”

Ya faɗi nasa farashin. Bai kai abin da Baballe ya sa rai ba, amma ya ɗara abin da ya saya, kuma ya isa ya rufe bakin masu gaisuwa. Abu Nayef ya miƙo hannu.

“Khalas? Mun gama?”

Baballe ya dubi hannun. Ya san yadda labarin zai zaga kafin a sauko daga masallaci, ya san ma wanda zai fara kira. Ya dubi motar. Injin yana ta ƙananan ƙararraki yana hucewa, zafi yana tashi daga bayanta yana karkaɗa iska. Ƙura ta ɗan hau gefen ƙofa. Ya lura bakinsa ya ƙi rufuwa tun daga gada ta biyu.

“Wa ke gyara muku robobin nan?” ya tambaya.

Abu Nayef ya dube shi, ya dubi Atine, ya janye hannunsa yana dariya ƙasa-ƙasa.

“Akwai wani ɗan Lebanon a unguwar masana'antu. Zan turo maka lambarsa. Idan ka gaji da ita, ka san inda nake Juma'a.”

Da za su shiga mota Atine ta rage murya.

“Ka san za su ci gaba da tambayarka mai jiki.”

“Su tambaya.”

“Kuma tayoyi gobe. Ba zan sake taka ta haka da waɗannan ba. Kai kuma makarantar koyon tuƙi, da yara 'yan shekara goma sha takwas.”

“Na ji, Dakta.”

Ya naɗe kansa cikin kujerar fasinja, ya lalubo hularsa a baya, ya dube ta, ya sake jefa ta can. Atine ta tayar da mota suka fita a hankali, masu shayi suna matsa musu. Da suka hau titin bakin teku sai ta ɗauke hannunta daga kan sandar giya ta mayar kan sitiyari.

“Ɗora naka. Ni kuloci, kai giya. In na ce yanzu, ka ja ta baya, miƙe.”

Ya ɗora. Sandar tana da ɗumi, tana kaɗawa a tafin hannunsa.

“Yanzu.”

Ya ja. Ya ja ta karkace. Wata ƙara ta fito daga ƙarƙashinsu kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe, wani mai gudu a gefen hanya ya dafe kunne. Baballe ya daskare, hannu a sama.

“Ba ta mutu ba,” in ji Atine, ƙafarta a kan kuloci. “Yalla, sake.”

Ya goge tafinsa a riga, yana dariya har kafaɗunsa na girgiza, ya sake kama sandar.