Sawun Ƙaguwa a Yadin Vasemaca

Vasemaca ta shimfiɗa yadin a kan kantar ofishin rajista, ta bi shi da tafin hannu kamar za ta yanka riga. Shuɗi ne mai duhu, an bi shi da fararen ɗigo da ƙananan layuka masu karkata, irin sawun da ƙaguwa ke bari a taɓo idan ruwa ya janye a bakin kogin Rewa. Wata takwas ta yi tana fama da zanen nan, tana yanka shi da reza a leda mai kauri, tana buga shi da hannu a bayan gidanta a Nausori. Yanzu ga wani babban kanti a tsakiyar birnin Suva ya cika tagarsa da shi, bugun inji daga ƙasar waje, bandir-bandir. Abu ɗaya ya kawo ta: takardar da za ta nuna zanen nata ne, ta kai musu su sauke shi.

Ma'aikacin, Mista Naicker, ya gyara tabarau ya duƙa a kan yadin.

"Gaskiya ya yi kyau, 'yar'uwa. Ke kika zana?"

"Da hannun nan. Ina da shaida ma."

Ta zaro waya da sauri, don dama nan take jira a zo. Ta buɗe masa hotunan bikin ɗan gwaggonta: dangi sun fi ɗari a ƙofar coci, maza da riguna, mata da dogayen kaya, har jarirai, kowa cikin sawun ƙaguwa.

"Ka ga kwanan watan? Watan Yunin bara. Su kuwa sai bayan Kirsimeti suka fara sayarwa. Ni na riga su."

Mista Naicker ya daɗe yana kallon wayar. Ba mugun mutum ba ne, kuma ana ganin haka a yadda ya ajiye ta a hankali.

"Wa ya ga hotunan nan?"

"Kowa mana! Har 'yan'uwanmu na Sydney da Auckland sun yi ta yaɗawa."

"To ai matsalar ke nan. Ba a yi wa zane rajista sai yana sabo, babu wanda ya gan shi a waje. Ranar da danginki suka fito da shi, ranar ya daina zama sabo."

Vasemaca ta yi dariya, don ta ɗauka zolaya ce. Da ta ga bai taya ta ba, sai ta daina.

"Anko ne fa, Mista. Ba kasuwa na kai ba. Ko kwabo ban karɓa ba."

"Na sani. Mu ma muna yin anko. Doka ce ba ta san shi ba."

Yadda abin ya faru kuwa babu wani ɓoye-ɓoye. Nei Torika, wato Gwaggo Torika, yayar mahaifinta, ta shigo wata rana ta tarar da yadin yana shanya, ta tsaya ta ce da shi za a yi ankon bikin ɗanta. A wurinsu idan gwaggo ta roƙi abu, sunansa dai roƙo, amma ba a taɓa jin wanda ya ce a'a ya ci gaba da zuwa taron dangi da fuskarsa ba. Vasemaca ma ba ta yi tunanin ƙi ba. Daɗi ta ji. Sati uku ta yi tana bugawa har yatsunta suka rine.

"Amma na ji a rediyo an ce za a gyara dokar," in ji ta. "An ce za a riƙa ba mutum shekara guda ko da an riga an gani. An ce rajistar ma za ta koma sati biyu maimakon wata da watanni."

"An ce." Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur, gefenta duk ya nannaɗe don yawan nunawa mutane. "Shawara ce. Tana gaban kwamiti. An ji ra'ayin jama'a, za a sake ji."

"Yaushe za su gama?"

"Tun gashina yana baƙi ake cewa baɗi."

"In sun gama, zan iya dawowa?"

Ya ƙirga watanni da yatsu, ya girgiza kai. Ko gobe aka sa hannu, shekararta za ta cika kafin dokar ta fara aiki, kuma bai taɓa ganin sabuwar doka ta waiwayi na baya ba. Ya ce tana iya ganin lauya, wataƙila akwai wata ƙofar, ya rubuta mata suna a guntuwar takarda. Daga yadda ya miƙa mata ta gane shi kansa bai yarda da ƙofar ba.

Ta ninke yadinta. Takaici ya cika ta, ga shi babu wanda za ta yi wa faɗa. Mutumin ma har ƙofa ya rako ta.

A tashar bas ta iske Nei Torika, wadda suka shigo gari tare da safe ta wuce sayayyarta. Tsohuwar ta riga ta kama musu kujera a cikin bas kusa da taga, ta ɗora wani ƙaton ƙunshi a cinya tana fifita da hannu.

"Yauwa, 'yata, sun ba ki takardar?"

"Ba su ba ni ba, Nei."

"Ma'aikatan nan! Sai shan shayi. Rabu da su, kowa a yankin Rewa ya san naki ne. Wa zai yi miki musu? A kawo shi gabana."

Bas ta tashi. Vasemaca ta so ta yi mata bayani, ta buɗe baki, ta duba fuskar tsohuwar da ta goya ta bayan rasuwar uwarta, ta rasa ta inda za ta fara cewa ankon bikin ɗanta ne ya hana ta takardar.

"Af, ga abin da zan nuna miki," in ji Nei Torika tana kwance ƙunshin. "Mata mawaƙan coci sun ce lallai naki za su sa ranar taron gunduma. Na ce musu kada su wahalar min da yarinya da bugun hannu, ga shi can a kanti an yi shi a shirye. Kin ga yadda kika yi suna? Har a taga suka sa ki!"

Ta ɗora mata bandir ɗin a cinya. Ya fi nata laushi, shuɗin ma ya fi kama jiki. Vasemaca ta bi layukan da ido har ta kai wani wuri da ƙafar ƙaguwa ɗaya ta lanƙwashe ba daidai ba, inda reza ta taɓa kuɓuce mata ta bar shi haka. Yana nan, kowane rabin yadi yana sake fitowa. Ko gyara shi ba su yi ba.

"Ke za ki ɗinka mana," in ji Nei Torika. "Ba zan kai zanen 'yata wurin wata tela ba, a ce me?"

Bas ta hau gada tana rangaji. Vasemaca ta laluba jakarta ta ciro ɗan littafin da take rubuta awon mutane, ta cire murfin biro da haƙori.

"Su nawa ne, Nei?"