Dutsen da Malam Aƙilu Ya Saki

A gabashin Dayi akwai wani ƙauye a gindin dutse da ake kira Dutsen Mikiya. Wajen shekara arba'in bayan jihadi, lokacin da mahara ke gangarowa daga arewa duk kaka su kwashi mutane da dabbobi, limamin ƙauyen shi ne Malam Aƙilu. Gajere ne marar jiki, ya yi karatun taurari a Zariya. Tun yana can tambaya ɗaya ke cin sa: me ya sa duk abin da aka saki ƙasa yake nufa, amma wata yana nan rataye bai faɗo ba?

Da safe yakan hau ƙolin dutsen, ya riƙa sakin duwatsu ta gefen da ya miƙe kamar bango. Ya lura babba da ƙarami tare suke isa ƙasa, kuma muddin dutse na tafiya gudu yake ƙarawa. Wata rana ya ce wa wansa Maitama, sarkin bakan ƙauyen, "Yaya, ƙasa ja take yi. Allah ya sa mata wata igiya da ido ba ya gani. Ina jin watan ma ta riƙe shi, gudunsa ne ya hana shi faɗowa, kamar dutse a majajjawa."

Maitama, ƙato mai faɗin ƙirji, ya yi dariya. "To ka roƙe ta ta jawo mana ruwa da wuri bana."

Duk da haka ya karɓi shawararsa guda. Hanya ɗaya ce ke hawa dutsen, siririya tsakanin bango biyu. Can sama da ita akwai wani mulmulallen dutse mai girman rumbu. Maza suka haƙe ƙarƙashinsa, suka tokare shi da itacen ƙirya.

Maharan sun zo da hantsi, ana cirar auduga. Da aka buga ganga, mata da yara suka yi saman dutse, amma waɗanda ke gonaki masu nisa ba su kai ba. Daga sama mutane na kallo aka cinna wa rumbuna wuta. Mudi maƙeri, tsoho, ya fito da guduma, suka soke shi da mashi a bakin maƙerarsa, suka bar shi yana shure-shure.

Da azahar suka ɗaure dawakansu suka fara hawa. Sun sa waɗanda suka kama a gaba, igiya ɗaya a wuyansu, suna tunkuɗa su da gindin mashi. Na farko a jerin shi ne Manu, babban ɗan Maitama, jini na bin kuncinsa.

Maitama ya ja baka, ya sake sassautawa. "Kada kowa ya harba," ya ce.

Malam Aƙilu na tsaye kusa da tokarin, gatari a hannunsa. "Yaya, in suka wuce matsatsin nan, shi ke nan. Dutsen yana bukatar nisa kafin ya yi ƙarfi."

"Manu ne a gaba."

"Na gan shi. Ka dubi waɗanda ke bayanmu."

"In ka taɓa itacen nan, Aƙilu, ni zan kashe ka."

Maharan suka fara harbi ta kan kafaɗun kamammun. Kibiya ta sami Inno, matar maƙwabcinsu, a wuya. Ta durƙusa da goyonta a baya, tana neman zare ta, jini na fita ta bakinta. Malam Aƙilu ya yi bisimilla ya sara. A sara na uku itacen ya tsage.

Da farko dutsen ya juya a hankali kamar ba ya son tafiya. Sannan ya kama gangara. Ya yi tsalle, ya bugi bango, ya kwaso ƙananan duwatsu a bayansa, ƙararsa ta danne ihun kowa. Manu ya ɗaga kai. Dutsen ya bi ta kansa, ya bi ta kan sauran kamammun, ya faɗa cikin maharan da suka cunkushe a matsatsin. Garkuwa da ƙashi duk ɗaya suka karye. Da ƙura ta lafa, hanyar ta yi ja, wani yana jan jiki ba ƙafafu, wani yana kiran uwarsa.

Wasu kaɗan da suka laɓe a jikin bango suka tsira, suka hawo da takubba. Aka haɗu. Mata na jifa, maza na sara da fartanya. Wani siririn mahari ya kai wa Malam Aƙilu sara, ya tare da hannun hagu, takobin ya shiga har ƙashi. Kafin ya sake ɗagawa, Maitama ya rungume maharin ta baya. Suka yi ta kokawa har bakin gefen nan mai miƙewa, ƙafar Maitama ta zame a kan jini, suka tafi ƙasa tare.

Malam Aƙilu ya rarrafa ya leƙa. Maharin ya suɓuce daga hannun Maitama a iska, ƙaton da siririn suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ƙara ɗaya ya ji. Da ya gane cewa ko a wannan hali zuciyarsa ta lura babba da ƙarami tare suka isa ƙasa, sai ya kawar da kai yana istigfari.

Maharan da suka rage suka kwance dawaki suka gudu. Kafin magariba aka tattara gawarwaki. Manu a tabarma aka naɗe abin da aka samu nasa. Malam Aƙilu ya yi musu salla da hannu ɗaure a tsumma, ya sa aka binne maharan ma.

Bayan an watse, Rabi'atu matar Manu ta same shi a bakin kushewa. Ba ta gaishe shi ba.

"Baba, ya sha wuya?"

"Ya ga zuwansa," in ji shi. "Daga nan bai daɗe ba."

Ta tsaya tana dubansa, sannan ta juya.

Hannun ya ruɓe, wanzami ya yanke shi daga gwiwa. Da ya tashi, ya tarar ƙauyen ya rabu: waɗansu na kawo masa damin dawa, waɗansu kuma ba sa bin sa salla. Ya miƙa limanci ga na'ibinsa, Malam Hussaini. Da damina ta faɗi, ya ɗauki gonar Maitama yana nomawa da hannu ɗaya, abin da ya samu ya kai gidan Rabi'atu ya ajiye a zaure. Tana aiko masa da tuwo kullum, amma har ya rasu ba ta ƙara yi masa magana ba.