Babu Komai a Hoton

Regina ta riƙe ƙafar 'yarta Peculiar gam lokacin da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta haɗiye kan yarinyar tana ƙara kamar injin niƙa. Shekarar Peculiar takwas. Tun da aka kashe ubanta a gabanta a gonar citta, abu kaɗan ke tunzura ta: ta ciji malamarta, ta fasa tagar ɗakinsu da dutse, sannan ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. A unguwarsu a Kafanchan kuwa, inda baki ba ya hutu, tuni aka yanke cewa maita aka ba ta a biskit. Luke, wan marigayin, ya so kai ta gidan addu'ar da ake ɗaure yara. Da kyar Regina ta roƙi a fara gwada asibiti a Kaduna.

Likita Khadijatu ta ɗaga hoton ƙwaƙwalwar a fitila, ta ce babu ƙari, babu rauni, babu komai. Ta ƙara da cewa a ƙwaƙwalwar kowane yaro akwai sashen da ke kunna tsoro da fushi, akwai mai taka musu birki, kuma firgici kan raunana birkin. Irin wannan hoton ba ya nuna hakan, amma birkin yana gyaruwa a hankali. Ta rubuta musu ranar dawowa.

Daɗi ya cika Regina. Bayanin ya yi mata tsawo, sai ta ƙulle kalma biyu a bakin zane ta kawo gida.

*

Ta tarar da Luke da dangi a tsakar gida suna jira.

"Baba, mun gode Allah," in ji ta. "Dokita ta ce babu komai."

Luke ya karɓi hoton, ya duba shi kai a ƙasa.

"To, Maman Peculiar, kin gama magana. Abin da injin Bature bai gani ba, ba ciwon asibiti ba ne."

Regina ta shiga lalubo sauran bayanin, ta ambaci birki, aka kwashe da dariya, wata ta tambaya ko yarinyar ta zama babur ɗin okada. Luke ya kamo hannun Peculiar, ita kuwa ta kafa masa haƙori. Bai ko yi fushi ba. Ya ɗaga hannun yana nuna wa kowa shaida. Aka ɗora Peculiar a babur zuwa gidan addu'ar. Har babur ɗin ya sha kwana Regina na jin ana kiran Mama.

*

An ce kada ta je sai an gama azumin fitar da abin, don tausayin uwa yana ƙara masa ƙarfi. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce.

Da feshin ruwan sama ya dame ta, ta rasa abin toshe tagar nan da ta fashe, sai ta liƙa hoton a wurin. Ya yi daidai. Kowace safiya rana kan ratso ta cikinsa ta sauka a kan tabarmar Peculiar, Regina ta zauna tana kallon kan 'yarta, lafiya lau, babu komai.