Tukunyar da Asmat Ta Kai Kan Tudu

Duk wanda ya san Murman ya san ba ya shiga gidan mutane hannu rabbana, kuma ba ya fita sai an yaba masa. Da sassafe ya faɗo wa Asmat, matar marigayi ƙanensa, ya dire buhu a kan teburin girki, takalmansa duk taɓo.

"Ga shi nan, matarmu. Uku ne, sai maiƙo. Jiya gajimare ya danno su ƙasa, har a ka suke shafar mutum."

Asmat ta leƙa ta ga irao ne, shahon nan mai tonon gidan rina, an riga an datse fukafukan a can kan dutse yadda maharba ke yi. Ta yi maza ta rufe bakin buhun.

"Haba Murman! Ka san fa su wa nake saukewa a gidan nan."

"Masu ƙirgan sama? Su ƙirga nasu, mu ci namu. Kakanki ma da wannan ya yi ƙiba. Ko mayar mini za ki yi, gari ya ji?"

Nan ya kama ta. A ƙauyensu da ke saman birnin Batumi na ƙasar Jojiya ba a mayar wa mutum kyautarsa, balle yayan miji, balle wanda ya gyara miki jinka da ruwa ya ɓarke. Ta yi godiya kamar yadda ake yi, har ta cika masa jaka da lemon lambu.

Da a ce ta binne su a bayan gida, da an wuce wurin. Amma ruwan sama ya yanke hanya, motar nama ba ta hawo ba, kajinta kuma dila ya gama da su tun bazara. Wake ta kai wa baƙinta jiya, wake shekaranjiya. Matan unguwa sun fara yi mata tsiya, wai gidan Asmat baƙo ya shigo da ƙugu ya fita ba shi da shi. Wannan magana ta fi komai ci mata rai. Ta tsaya tana kallon buhun, sai zuciya ta ce mata ai in nama ya shiga tumatir da tafarnuwa, kowane tsuntsu kaza ne. Ta fige su da sauri, ta ƙone gashin a murhu.

Baƙin nata 'yan sa kai ne da ke zuwa kowace kaka su zauna kan tudu suna ƙirga shahuna da gaggafa masu ƙaura zuwa kudu, inda teku da duwatsu suka matse musu hanya. A cikinsu akwai Tekla, ɗaliba daga Tbilisi, mai dariya kamar ana kwarar da tsakuwa a kwano. Shekarar da ta fara zuwa "Madam Asmat" take cewa, irin kiran da ake yi wa mai otal. Yanzu kuwa Inna ce. Asmat ba ta taɓa haihuwa ba, kuma wannan kira ya fi mata duk abin da baƙi suka taɓa kawo mata. Jiya ma a kafaɗarta yarinyar ta yi kuka, tana ba ta labarin yadda ta danna wa wasu irao lamba a ƙirga, kafin ta sauke madubin hangen nesa ta ji harbi, ta ga suna faɗowa.

Da rana ta yi tsaka Asmat ta ɗauki tukunya da gurasar masara da cuku ta hau tudun. Tukunyar ba ta da wani nauyi, amma sau da yawa tana tsayawa hutu. A wani lungu har ta buɗe murfin za ta juye a ciyawa, sai ta tuna da bakin matan unguwa, ta rufe.

Sama ta washe, tsuntsaye kuwa sun ɓarke. Dubbai ne suke juyawa bisa kwari suna hawan iska mai ɗumi, in sun kai ƙololuwa sai su miƙe a jere. Rediyon oba-oba na ta ƙara daga wani tudun da sauran masu ƙirga suke, ana gargaɗin kada a ƙirga ayari ɗaya sau biyu.

"Ga Inna! Wayyo, ƙamshi!" Tekla ta yi tsalle. "Yau an sallami wake ke nan?"

"Ci dai, sarkin surutu."

"Ba zan iya barin ɓangaren gabas ba mai ƙirga ba. Zo ki riƙe mini." Ta rataya wa Asmat madubin hangen nesa a wuya, ta danƙa mata ɗan ƙarfen ƙirga mai kama da carbin dannawa. "Duk wanda ya ƙetare kan bishiyar can, danna sau ɗaya. Kada ki yi mini ha'inci fa, Inna."

Wasa take yi, amma sai da kunnuwan Asmat suka yi zafi. Shekaru tana ganin tsuntsayen nan a sama da cikin tukunya, ba ta taɓa kallon ɗaya a madubi ba. Na farkon da ya shigo ya juyo da ɗan kansa, ido rawaya fes, kamar ita yake nema. Ta danna. Ta danna wa na bayansa. A bayanta cokula na ta aiki, wani Bature yana yabon miya da 'yan kalmomin da ya koya. Kunya ta rufe ta har ta ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai ta ji ƙas, haƙori ya haɗu da abu mai tauri. Daga nan ƙaramar ƙara a gefen faranti. Ba ta juya ba. Ta san ƙarar ƙwayar harsashi tun tana yarinya a teburin mahaifinta.

Tekla ta zo ta tsaya gefenta, ta buɗe tafin hannu, ga ƙwayar dalma baƙa tana naso da miya.

"Kazar nan a ina aka harbe ta?"

Asmat ta sauke madubin. Ƙarya ta zo har bakinta, ta kasa fitowa.

"Murman ne ya kawo. Ba a mayarwa, 'yata. Kuma na ji kunyar wake."

"Guda nawa?"

"Uku."

Tekla ta kalli kwarin da aka yi harbin jiya, ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, abin da Asmat ta fi so ke nan da ta yi. Ta goge bakinta da bayan hannu, ta sake gogewa.

Asmat ta juya ɗan ƙarfen a hannunta, tana laluben gefensa da yatsa.

"Nuna mini inda ake dannawa a rage. In cire miki ukun."

Yarinyar ta miƙa hannu ta karɓi abinta a hankali, ta zare madubin daga wuyan Asmat ba tare da ta dube ta ba.

"Ba ya ragewa, Madam Asmat," in ji ta. "Gaba kawai yake yi."